Aron Yatsa

Lokacin da aka ce za a rufe duk layin wayar da ba a haɗa da lambar ɗan ƙasa ba, matan unguwarmu a Keffi suka koma aron yatsa kamar aron gishiri. Wadda ta samu lamba sai ta je ta dangwala wa wadda ba ta samu ba. Ni na samu da wuri, don da tsohon ciki na je, aka tausaya mini. Maƙwabciyata mai awara ta ce in taimaki ƙanenta da ke acaɓa a Gitata. Ban taɓa ganinsa ba. Na je shago na dangwala, aka ɗauki hotona, na dawo na ɗora tuwo.

Ranar da jami'an tsaro suka zo ina wanki, ɗana na goye a bayana. Rarrafe yake yi a lokacin, bai isa yaye ba. Ko sallama ba su yi ba. Ɗayansu ya kara wayarsa kusa da fuskata, ya dubi hoto, ya dube ni.

"Ita ce. Madam, sauke yaron."

"Yallaɓai, nono yake sha."

"Mu ma wahala muke sha. Sauke shi."

Surukata ce ta zare shi daga bayana. Mai awara kuwa ta leƙo ta kan katanga, ta koma.

A ofishinsu aka gaya mini masu satar mutane ne suka yi kira da layin da na dangwala wa ƙanen mai awara. Na ce aro na bayar.

"Aro? Yatsa ne ko turmi?" Suka kwashe da dariya.

Sun ce sun jima suna sauraren duk layin da ke ɗauke da sunana, har da nawa na hannu. Ban gane nauyin maganar ba. Hankalina yana kan ƙirjina da ya kumbura kamar dutse, rigata ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. Kullum ina roƙon a kawo mini yaron ko sau ɗaya ya sha. Wata jami'a ta ce in je bayi in matse.

Da suka gama bincike, aka kira maigidana da surukata. Na duba bayanta, babu goyo. Babban jami'in ya ce wa surukata, "Hajiya, ku kwantar da hankali, ba ta da laifi. Ku ji irin hirar da take yi." Ya danna kwamfuta.

Sai ga muryata, ina magana da mahaifiyata ƙasa-ƙasa, yadda nake yi daga bayan ɗaki.

"Umma, tsohuwar nan jiƙo take ɗura masa in na juya baya. Wallahi tsoro nake kada ta kashe mini shi. Ɗanta kuwa a gabanta kamar kazar da ruwa ya doka."

Wani ya ce a maimaita wurin kazar. Aka maimaita.

"Kin ji ko, Hajiya? Ba ta satar mutane. Gulma kawai ta iya."

Surukata ta gyara mayafinta, ta yi musu godiya. Maigidana yana kallon takalminsa.

Muna isa gida na wuce ɗaki da gudu. Babu shi. Har ƙaramin kofinsa babu.

"Inna, ina yaron?"

"Yana Agwada wurin ƙanwata. An yaye shi. Tunda kashe shi zan yi, gara ya yi nisa da ni." Ta ɗaga ido. "Da ke ma, mai raba yatsa a titi."

Na durƙusa na kama ƙafarta. Ta janye.

Sai da aka daɗe kafin maigidana ya bar ni na je. Na samu yaron a tsakar gida, ya fara tsayuwa, yana riƙe da zanen ƙanwar surukata, bakinsa duk kunu. Na zauna a ƙasa na ɗaga riga, ina kiransa. Ya dube ni, ya cusa fuskarsa cikin zanenta ya fashe da kuka.

"Rufe, 'yar nan," in ji ta. "Ya manta."

Na ɗaure ƙirjina da ɗankwali, na fita neman motar Keffi.