Hannun Daman Dada Chiragh

Kakana na wajen uba, Chiragh Din, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana ɗaura wa raket ɗin tanis zare a wata masana'anta da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Sialkot. Mu Dada muke ce masa. Gajere ne, amma hannunsa na dama ya fi na hagu kauri har ana gani ta cikin riga, kuma ina jin ya fi alfahari da hannun nan a kan 'ya'yansa. In ya gama raket sai ya ƙyasta zaren da farce ya kara a kunne, da ƙarar yake sanin ko ya ɗauru. Shi kansa bai taɓa buga tanis ba. Cewa yake wasan masu gajeren wando ne.

Daminar 2009 ya faɗi a wurin alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Cikin wata biyu ƙafa ta dawo, baki ya miƙe, hannu ne ya ƙi. Yana iya ɗaga shi kaɗan, yatsun suna ɗan motsi, shi ke nan. Likitar da ta duba shi ta ce watannin farko su ne komai: in ya dage da motsa shi kullum zai iya dawowa, in ya bari zai sandare.

Ba aiki ne ya dame shi ba, don ya riga ya ajiye. Cin abinci ne. Dada ba zai kai loma baki da hagu a gaban mutane ba, kuma ba zai yarda a ba shi a baki ba. Tun ranar da aka sallamo shi ya daina zama a shimfiɗar da muke haɗuwa, inda kullum shi ke fara yaga roti, gurasarmu, kafin kowa ya miƙa hannu. Ni, Rukhsar, ina da shekara goma sha biyar, ni aka ɗora wa kai masa tire ɗaki. In ajiye, in fita, in jawo ƙofa.

Ana haka ƙanin babana, Chacha Tanwir, direba a Sharjah, ya zo hutu da wani kwali. Wani abokin aikinsa ne ya ce masa masu irin wannan ciwo suna amfani da shi. Na'urar wasa ce da ake haɗawa da talabijin: farin akwati ɗan ƙarami, da rimot mai igiyar ɗaurawa a wuyan hannu, da sitiyarin roba, da raket na roba da ake cusa rimot ɗin a ciki, da wata siririyar sanda baƙa da Chacha ya ɗora a saman talabijin bai ce komai a kanta ba.

Dada ya ɗauki raket ɗin da hagu ya jujjuya.

"Wane marar kunya ne ya yi wannan? Ko zare babu."

"Abba-ji, riƙo ne kawai. Ƙwallon tana cikin talabijin."

"To ka ce ludayi ka kawo mini. Ka ba uwarka ta kwashe miyar dal."

Duk da haka ya bari Chacha ya ɗaura masa rimot ɗin a hannun dama. Ya tallafi gwiwar hannun da hagu, ya ɗaga, ya nuna talabijin. Sai ga wani ɗan farin hannu ya bayyana a fuskarta yana rawa. Ya matsa, shi ma ya matsa. Da wannan ɗan hannun ake zaɓar wasa, in bai fito ba ba a shiga komai. Ranar Dada ya kai wa ƙwallo duka ya fi sau ashirin, ya samu biyu. Ya yi dariya har da tari, dariyarsa ta farko tun faɗuwar.

"Kafin babbar Sallah zan yaga roti da wannan," in ji shi.

Nan take ya kafa doka. A mayar da talabijin ɗakinsa. Abin nan magani ne, kada ya ga hannun kowa a kai, kuma ba ya son 'yan kallo. A gidanmu in Dada ya faɗi magana, ko babana ba ya ƙarawa. Bayan kwana uku Chacha ya koma Sharjah.

Kakata, Dadi Rashidan, mace ce da ba ta barin abu mai daraja tsirara. Talabijin yana da rigarsa, keken ɗinki yana da tasa, wayar gida, agogon bango, hatta mariƙin firiji. Duk da kwarashi take saƙa su, kuma haka kowace dattijuwa a layinmu take yi. Gidan da ba a rufe kaya ba gidan ƙazamai ne. Washegarin tafiyar Chacha ta zauna da koren ulu ta saƙa wa baƙar sandar nan riga mai kauri, ta bar 'yar kafa ta waya, ta zura mata ita tsaf. Ni na riƙe mata zaren.

"Baban Tanwir, ka gani? Kayan da yaro ya ɗauko tun daga can ba za a bar wa ƙura ba."

"Saura ni ki saƙa mini," ya ce, bai ko ɗaga kai ba.

Ba wanda ya san cewa da hasken sandar nan rimot yake gane inda aka nuna shi. Daga ranar ɗan farin hannun bai sake fitowa ba.

Ina leƙensa ta tsagar ƙofa kullum bayan la'asar, in akwai wuta. Zai ɗaura igiyar da haƙori, ya tallafi hannun, ya ɗaga iya ƙarfinsa, gumi yana ɗiga daga gemunsa, yana kallon talabijin. Ba komai. Ya sauke, ya huta, ya sake. Wani lokaci har ya matso da gadon igiyarsa gaba. In Chacha ya bugo waya ya tambaya, sai ya ce, "Yana tafiya, puttar, ɗana, kai dai ka kula da tuƙinka." Ba zai ce wa ɗansa ya kasa ba.

Wata rana na shigo da shayi ya ce mini, "Rukhsar, hannun nan baya yake yi. Da can na'ura tana ganinsa, yanzu ko ita ta daina."

Na ce, "Allah zai kawo sauƙi, Dada-ji." Abin da na ce ke nan. Rimot ɗin yana kan gado kusa da tire. Da na ɗauka na gwada da lafiyayyen hannuna, da mun gane ba daga gare shi ba ne. Na ji tsoron doka.

Sati bakwai ya yi yana gwadawa. Daga nan ya daina, kuma ya daina duk sauran: matsa ƙwallon roba da likita ta ba shi, ɗaga hannu a jikin bango, zuwa asibiti ranar Laraba. Babana ya roƙe shi, ya ce ba zai riƙa ba wa gawa wahala ba. Babbar Sallah ta zo, ya ci namansa a ɗaki shi kaɗai. Zuwa sanyi yatsun sun dunƙule.

Bayan wata goma sha huɗu Chacha ya dawo. Dadi tana kicin tana soya masa gurasar paratha, ni da shi muna ɗakin Dada. Ya kunna na'urar, ya nuna rimot, shiru. Ya girgiza shi, ya canza batir, shiru. Sai idonsa ya kai saman talabijin.

"Wannan kuma wa ya sa mata hula?"

Yana dariya ya zare rigar. Ɗan farin hannun ya fito nan take, a tsakiyar talabijin. Chacha ya juyo zai yi wata tsokanar, ya ga fuskar ubansa, ya fasa.

"Tun yaushe take a kai, Abba-ji?"

Ni na amsa, na ce tun washegarin tafiyarsa. Dada ya miƙo hagu, aka ba shi rimot ɗin. Ya cusa shi tsakanin dunƙulallun yatsun dama, ya yi ƙoƙarin ɗagawa. Hannun bai bar cinyarsa ba. Ya daɗe yana kallonsa.

"Mayar mata da rigar," ya ce.

"Abba-ji, ai ita ce ta..."

"Na ji. Mayar kafin uwarka ta shigo. Duk wanda ya gaya mata, ban yafe ba, ko bayan raina."

Chacha ya mayar, sai dai ya sa ta a karkace. Dadi ta shigo da faranti, ta gani, ta ajiye ta gyara ta.

"Ɗan Sharjah, ko sa riga ba ka iya ba. Ka ci tun da zafi."

Dada ya ƙara shekara uku a duniya, bai sake zama a shimfiɗarmu ba. Bai taɓa nuna wa Dadi komai ba, sai dai ya rage magana da kowa, ni ma har da ni.

Dadi tana nan da ranta. Duk baƙon da ya tambayi farin akwatin, sai ta ce masa ai cutar ɗanta aka yi a Sharjah, an sayar masa da abin da kwana uku kawai ya yi aiki, kuma shi ya karya wa mijinta zuciya. Takan juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Rukhsar? Ke ce kike riƙe komai a gidan nan."

Nakan ce haka ne, Dadi.