Babbar Riga da Babban Babur

Salamu alaikum jama'a. Masu tambayar ko aure na yi na ɓuya, a'a wallahi. Ƙafa ce ta kusa tafiya ta bar ni.

Kun san ni da son babur. Bara na je sayen irin na tsere ɗin nan, masu ruri kamar injin niƙa. Mai shagon ya nuna mani guda biyu, matsakaici da babba. Ya ce, "Malam Bishir, wanda ya saba da ƙaramin mashin, da matsakaici yake farawa." Na ce ni dai babban nake so. Kowa a Kankiya sai da ya san na sayi babur.

Ranar ɗaurin auren abokina a Kusada na caɓa ado, babbar riga har ƙasa, na kafa hula. Hular kwano kuwa na bar ta gida, don ba ta shiga da ado.

A ƙaramin mashin kana zaune miƙe, ka tattara riga ka aza kan cinya, shi ke nan. Wannan kuwa kwanciya ake yi kan tanki, riga na can baya tana rawa. Wajen garin Kaikai bakin rigar ya shige cikin sarƙa, tayar baya ta cije. Ban san sadda na kai ƙasa ba.

Kaina Allah ya tsare, amma ƙashin ƙwauri ya karye har ya huda fata.

Kawunnai suka ce a kai ni wurin mai ɗori. Yayana Sale ya ce, "Ƙashi a waje? Asibiti za mu." Daga Kankiya aka tura mu Katsina. Aka ɗauki hoto, aka shiga da ni tiyata, na farka da ƙarafa a jikin ƙafa kamar ana ginin bene.

Sai ciwon ya fara ruwa, ga zazzaɓi. Likita ya kira Yaya Sale, a gabana ya ce, "Muna ba shi magani mai ƙarfi. In bai karɓa ba, za mu cire ƙafar don mu ceci mai ita."

Jama'a, na ji tsoro. Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Kullum da safe wankin ciwo. Wannan wankin ko maƙiyina ba na yi mashi fatansa. Innata na gefe tana mani fifita tana tsiya: "Kai da ka ce Kusada kamar ƙiftawar ido ce, to ga ka har Katsina." Dole in yi dariya ina hawaye. Babur ɗin ma sayar da shi muka yi, ya tafi a magani da gwajin jini.

Wata safiya likita ya buɗe bandeji, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Nama ya fara ja. Malam, ƙafarka ta ce tana nan."

Inna ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya, sai da nas ta leƙo.

Daga nan sai sanda biyu, sai ɗaya, sai koyon tafiya kamar ɗan yaye.

Yaya Sale, Inna, likitoci da nas-nas, da ku masu addu'a, Allah ya saka maku da alheri.

'Yan uwana masu son babur, ku sayi daidai hannunku, ku koyi birki da kwana a fili kafin ku hau kwalta. Ku sa hular kwano. Babbar riga a naɗe ta a jaka, in an isa a sa. In ƙashi ya fito waje, kar a tsaya shawara, a nufi asibiti.

Juma'ar da ta wuce na taka da ƙafafuna har masallaci. Ana daidaita sahu wani dattijo ya take mani yatsu, na ji zafin har ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Subhanallahi, yi haƙuri ɗana."

Na ce, "Baba, don Allah ƙara takawa."