Lambar da Adda Ma'u Ta Haddace

Adda Ma'u ta fara buga takardu a Kusada tun zamanin tafireta, kuma har ta koma kwamfuta ba a taɓa maido mata wasiƙa don kuskure ba. Har manoman ƙauyen Dudunni sun san shagonta na bakin kasuwa, sun kuma san ba ta ɗaukar ha'inci.

Wata damina tsawa ta ƙone mata kwamfutar. Talha mai gyara ya zo daga Kankiya ya canza kayan cikinta, amma da aka kunna sai ta ƙi amincewa da tsohon lasisin manhajarta, ta nemi a sake shigar da lambarsa. Ya juya ta don ya duba takardar lambar da ke manne a jikinta, ya tarar rubutun ya goge sarai.

"Adda, bari in sa maki na sata, shi kowa ke amfani da shi," in ji shi.

Ta dube shi sama da ƙasa. "In sayi abu da halalina, sannan in shiga ta katanga? Zauna ka danna."

Ashe tun shekarar da takardar ta fara koɗewa ta haddace lambar, tana bitarta kowace safiya. Ta jero mashi haruffa da lambobi ashirin da biyar, biyar-biyar, ba gargada. Nan take lasisin ya dawo.

Talha ya roƙe ta ta rubuta a takarda ta adana.

"Ai a takarda take ta goge," ta ce, ta jawo kujerarta.