Wuyan Ragon Layya

Washegarin Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar na firamare, na tsaya a zaurenmu da ke Ƙofar Gayan a Zariya ina kallon wuƙaƙen Baba a rataye cikin kube. Baba mahauci ne, shi ke yi wa gidajen layinmu fiɗar ragon layya, kuma al'adar unguwa ita ce wuyan rago nasa ne. A wannan shekarar yana gidan yari. Ya sayi wani sa a kasuwa da rana tsaka, ashe na sata ne, aka ɗaure shi shekara uku. Maƙwabcinmu Alhaji Mudi, ma'aikacin gwamnati, a gabansa aka yi cinikin, amma ranar shari'a bai je kotu ba, yana tsoron aikinsa.

Mun share tsakar gida, mun cika randuna, ba mu hura wuta ba, don babu abin ɗorawa. Ƙanwata Asabe ta ƙi fita wasan gaɗa, saboda a makaranta ana ce mata 'yar ɓarawo. Da hantsi sai aka fara sallama. Gida bayan gida suna aiko da wuya, wani an yanke shi a karkace, wani da guntun gashi, don masu gida da kansu suka yi fama da fiɗar. Saƙon duk iri ɗaya ne: "A ba Malam haƙƙinsa." Inna ta karɓa kanta a ɗage.

Daga gidan Alhaji Mudi kuwa cinya guda aka kawo, rufe da sabon faifai. Inna ta daɗe tana dubanta, mu ma muna duba, da yunwarmu. Ta mayar da faifan ta rufe, ta miƙa wa ɗan aiken. "A ce wa Alhaji wuya muka sani. Ba a gidan nan ake bukatar shaidarsa ba."

Ta soya wuyan muka kai wa Baba. Ya rame, yana tari, tarin da ya kashe shi wata biyar bayan fitowarsa. Bai ci ba sai da na lissafa masa gidajen da suka aiko.

Da na girma na zauna a Khartum da Jidda da Marsai ta Faransa, na ga ƙungiyoyi masu kai wa iyalan fursunoni kayan biki, da takardar cikewa da ɗaukar hoto. Aikin alheri ne, har Zariya yanzu ana yi. Sai dai a harsunan da na koya duka, sunan abin shi ne taimako. Mutanen layinmu ba su taɓa barin mu ji an taimake mu ba.