Soson da Goggo Ta Wanke

Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sarin banda a Nguru, kifi ne sana'arsa, kifi ne hirarsa. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, na ɗauko shi zuwa gidana a Gashuwa, sai ya koma wuni yana kallon bango. Shi ya sa na sayi akwatin gilashi na kifin ado, ko ya samu abin da zai ɗaga ido ya kalla.

Mutumin da ya sayar mini a Nguru ya ja kunnena kada in kuskura in zuba kifi a sabon ruwa. Wai sai injin tace ruwa ya yi makonni yana aiki, wasu ƙwayoyin halitta sun zauna a soson da ke cikinsa, su ne za su riƙa cinye dafin kashin kifi. Don abin ya yi sauri, ya zaro tsohon soso daga nasa akwatin ya miƙo mini. Na sha ganin ƙazanta, amma wannan ta fi ƙarfina. Baƙi-baƙi, yana yauƙi kamar miyar kuɓewar da ta kwana, ga ɗoyi irin na kwata. A leda na ƙulle shi da ruwansa, na riƙe da yatsu biyu har Gashuwa, fasinjoji suna ta hararata.

Haka na zauna ina kiwon ruwa zalla. Da gangan nake barbaɗa abincin kifi ya ruɓe a ciki, don ƙwayoyin su samu abin ci. In an ɗauke wuta in mayar da injin kan batirin sola, mu haƙura da fanka. Maƙwabta suka ce boko ya taɓa ni. Duk ranar da na matse soson nan a ruwan akwatin, ba na iya cin tuwo da hannu.

Amma da kifayen suka zo, Baba ya farfaɗo. Akwai wani ja mai doguwar wutsiya da yake bi da ido, har faɗa yake yi masa in ya ture 'yan'uwansa wajen abinci.

Sai Goggo, ƙanwar Baba, ta zo dubiya daga Katuzu. Mace ce da ko wankakkiyar tukunya ka ba ta sai ta sake wankewa. Ina wurin aiki ta buɗe injin ta ga soson, ta dirje shi da sabulu da ruwan zafi, ta mayar da shi fes. Da fara'arta ta tare ni a tsakar gida.

"'Yar nan, kina mace ki ajiye wannan a ɗakin da mahaifinki yake salla? Na gyara miki."

Washegari ruwan ya yi fari-fari, kifayen suka taso sama suna haki, daga nan suka fara kifewa ɗaya bayan ɗaya. Da matacin koko na kwashe su, Baba yana kallo. Goggo ta ce ai dama kifin da ba a ci asara ne, a ba kyanwa. Ban taɓa ƙyamar tsabta ba sai ranar.

Na koma Nguru na roƙo wani soson, wannan karon a cinya na rungumo shi. Na shiga ɗaki da saurina ina gaya wa Baba za mu sake daga farko, 'yan makonni ne kawai. Na tarar ya sa an juya masa kujerarsa tana fuskantar bango.

"Bar shi, uwata," ya ce. "Bangon nan ba ya mutuwa."