Guntun Ruwa a Babbar Ƙota

Gwaggona Tomeko ba ta taɓa yarda da kowa ba, ni ma da nake 'yar wanta ban tsira ba. Shekara ashirin da shida shagona na taliya yana jikin nata a garinmu Miki, amma kullum na kai mata kwano sai ta tona shi da tsinken cin abinci, ta ga ko na rage mata nama.

Wuƙaƙe take sayarwa, irin namu na aljihu masu ƙotar tagulla da ake naɗewa, tun daga 'yar mitsitsiyar da muke kira ɗan wake har zuwa ƙatuwa. Wuƙar nan ba ta da sakata. In ka buɗe ta, wata 'yar wutsiya ce a bayan ruwan wuƙar kake dannewa da babban yatsa, yatsan kuwa yana saki za ta rufe a kan 'yan'uwansa. Shi ya sa Gwaggo ba ta sayar wa mutum girman da ya tambaya. Sai ta miƙa maka sillen gora ta ce ka fere, ita kuma ta zuba wa yatsanka ido kamar mai tsaron madara a kan wuta.

Samarin Osaka ne suka fi shan wuya a hannunta. Kowannensu ƙatuwa yake so.

"Me za ka yanka da ita, ɗan nan?"

"Fensir, Inna."

"Fensir! Da wannan hannun naka mai kama da awara? Ungo ƙarama, ka koma wa uwarka da yatsu goma."

Wasu su saya, wasu su fita suna ƙunƙuni. Ko a jikinta. Abin alfaharinta ɗaya ne a duniya, kuma duk garin an yarda da shi: ba ta taɓa cutar mai saye ba.

Akwai wani tsoho mai gonar inabi a bayan gari, Masaji, wanda tare suka yi firamare da ita. Aikinsa auren kurangar inabi, da sanyi ya janye zai tsaga wannan reshe ya haɗa da wancan, kuma shekara arba'in da babbar wuƙa yake yi. Ɗansa Kiyoharu yana aiki a Kobe, ya daɗe yana matsa masa a sayar da gonar ya koma wurinsu, a bene, hawa na bakwai. Uban ya ce ranar da hannunsa ya kasa riƙe wuƙa a zo a ɗauke shi. Ɗan ya riƙe wannan magana gam.

Wata safiya na kai wa Gwaggo taliya na tarar da shi a shagon.

"Tome, ƙarama nake so."

"Ta wa?"

"Ta matar ɗana. Kyauta."

Gwaggo ta ajiye tsinkenta. "Wuƙa za ka ba suruka kyauta? So kake ka yanke zumunci, ko kuwa ni ka mayar sakara?"

"To, ta jikana ce."

"Jikan da ko tafiya bai fara ba? Masaji, tun muna aji biyu ba ka iya ƙarya ba. Me ya sa ka karɓi shayi da hagu?"

Ta miƙa masa gora ta ce ya fito da wuƙarsa. Ya buɗe, ya ɗora yatsa, ya ja sau ɗaya, sau biyu. A na uku yatsan ya zame, ruwan ya karkato, saura kaɗan ya sauka a kan fata. Sai a lokacin na lura da tsumman da ya naɗe ɗan alinsa da shi. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

"Tun kaka babban yatsan nan yake mutuwa," in ji shi a hankali. "Ƙarama zan iya danne ta, na gwada ta maƙwabci. Amma Kiyoharu in ya zo, abin da yake fara kallo wuƙar nan ce a kan tebur. Yana ganin na sauya zai gane."

"Buɗe ta yake yi?"

"Shi? Tsoronta yake ji."

Gwaggo ta karɓe wuƙar ta jefa a aljihun rigarta. "Tafi gida. Ka dawo ranar Alhamis."

Da kanta ta kai wa maƙerinta, ta tsaya a kansa har ya gama, don shi ma ba ta yarda da shi ba. Aka cire dogon ruwan, aka sa guntu mai faffaɗar wutsiya a cikin tsohuwar ƙotar da hannun Masaji ya cinye har ta yi santsi. A naɗe, babu mai cewa an taɓa ta.

Daga ranar na shiga uku. Duk wanda ya ci taliya a wurina, Gwaggo sai ta tambaye ni me muka tattauna.

"Bakinki ba ya rufuwa, na san ki. Matar mai gidan wanka ta daɗe a shagonki jiya."

"Haba Gwaggo, maganar tsadar kifi muka yi."

"Kifi. Hmm."

Ta zargi maƙeri, ta zargi mai kai wasiƙa, har likitan da ke duba tsohon ta daina gaisawa da shi, wai idonsa ya cika bincike. Raina ya sha ɓaci, amma ban faɗa wa kowa ba, har mijina.

Masaji ya yi auren inabi shida da guntun ruwan nan, shekara shida ke nan. Duk kaka yakan aiko mana da kwandon inabi, Gwaggo ta bi shi ƙwaya-ƙwaya tana neman ruɓaɓɓe. A shekara ta bakwai, yana cikin gonarsa da rana tsaka, ya zauna a gindin kuranga bai tashi ba.

Bayan an gama kwana arba'in da tara na makoki, Kiyoharu ya shigo shagon. Asabar ce, mutane cike, ina tsaye da kwano a hannu. Ya ajiye wuƙar a kan katako ya buɗe ta da 'yan yatsu biyu.

"Inna, wannan aikinki ne?"

"Nawa ne."

"Na nuna wa wani masani a Kobe. Ya ce ƙotar babba ce, ruwan na ƙarama. Tsoho ya kawo miki gyara, kin ga idonsa ya yi rauni, kika sa masa guntu? Mutumin da kuka tashi tare?"

Na buɗe baki, don wannan karon kam na ƙudura sai na faɗa. Gwaggo ta watso mini wani kallo, na haɗiye. Ni ma na gane: in ya ji gaskiya, zai san shekara shida ubansa yana ɓoye masa hannu don tsoronsa, kuma babu sauran wanda zai je ya ba haƙuri.

"Haka ne," in ji ta. "Na cuce shi."

Ya naɗe wuƙar ya fita. Kafin yamma labari ya zaga gari, wasu har da cewa dama sun daɗe suna zarginta. Ta yi shekara huɗu a shagon bayan haka, masu saye suna juya kowace wuƙa gaba da baya a kan idonta, ba ta taɓa cewa uffan ba.

A ranar dai, da mutane suka watse, na tura mata kwanon da ya riga ya huce. Ta ja shi gabanta ta ci har ƙasa, ba ta tona ba.