Ranakun Yayana a Shagunan Teloli

Har yau in na ji ƙaurin gawayi a dutsen guga, ƙuruciyar yayana nake tunawa. Bai taɓa magana ba. Ya girme ni, amma ni nake sa masa takalmi. In damina ta sauka, ruwa ya fara dukan kwanon rufi, sai ya toshe kunnuwa yana buga kai da bango, inna ta rungume shi har hannuwanta su mutu. Tuwon sayarwa ma sai da ta daina.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, jirgin ƙasa bai daɗe da fara kaiwa Ngaoundéré ba. Baba mahauci ne, kuma ya gaji. An je lopital, wato asibiti, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Sai baba ya ce zai hau jirgi da yayana, ya kai shi arewa gidan wani malami da ke sa irinsu a mari. Inna ba ta yi musu ba, ta dai daina cin abinci.

Wani tsohon tela a layinmu na unguwar Briqueterie, mutumin Kano, shi ya tare baba bayan la'asar. Ya ce ya lura in yaron ya zauna kusa da keken ɗinki yakan natsu, ya yi ta jera ƙyallaye launi-launi.

"Kai ɗaure shanu ka saba, shi ya sa," in ji shi. "Ba mu aronsa. In ya gagare mu, ka kai shi."

Teloli suka raba ranaku, yau wannan shago, gobe wancan. Mai ranar shi ke ciyar da shi. Ba duka suka yi da daɗin rai ba, akwai wanda kullum sai ya yi mita an taka masa yadi da jan taɓo. Amma in ranarsa ta zo, yakan shimfiɗa tabarma. Baba bai hau jirgin nan ba. Inna ta koma tuwonta.

Yanzu duk sun rasu. Yayana yana ɗakina, kansa fari fat. Ƙungiyoyin agaji suna zuwa, ba zan yi butulci ba: sun kawo shinkafa, sun gaya min sunan larurar da Faransanci, sun ɗauke mu hoto. Na ce musu mutum ɗaya nake so ya zauna da shi wuni guda, in leƙa kasuwa. Suka ce za su duba.

Ba inda zan kai shi. Sai dai yanzu duk ranakun nawa ne.